Idon da ya ƙi rufewa: musayar baitoci

Baba Direba, Bronx:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare na sauke fasinja a unguwar Soundview nan New York sai ga ni a layin Wheeler inda 'yan sanda suka harbe Amadu Diallo a Fabrairun 1999, lokacin ina sabon zuwa daga zangon Kumasi ko lasin tasi ban samu ba, yaron ɗan Gini ne shekararsa 23 talla yake a bakin titi, safa da kaset. Na kashe mota na zauna shiru. Ga abin da ya zo min, amsa-amon "wa" ne, mai iyawa ya ɗora.

Amadu ɗan Fulanin Futa,
Ya dawo gida dare na rabawa.
A bakin ƙofarsa suka tarar da shi,
'Yan farin kaya su huɗu suna tahowa.
Ya sa hannu aljihu, walat ya ɗauko,
Suka ce bindiga ce yake zarowa.
Harsashi 41 suka sakar mai,
19 a jikinsa, ba tsagaitawa.
Kotu ta zauna can a Albany,
Ta wanke su huɗun, babu ɗaurewa.
Kadiyatu uwarsa ta taso daga Gini,
Gawa ta ɗauka wajen komawa.

'Yar Damagaram:
Innalillahi, Allah ya jiƙansa. Baba wallahi abin da ya tsaya min a rai shi ne na Amadu babu bidiyo, ba wanda ya ɗauka, shi kuma ba bakin magana. Shekara 21 bayan nan a Minneapolis an samu mai ɗauka, bari in karɓa daga nan

Ran 25 ga Mayun 2020,
George Floyd a kwalta, hannu cikin ankwa.
Kan zargin jabun dala 20,
Ɗan sanda ya danne wuya da gwiwa.
Minti 9 da ɗoriya yana roƙo,
Numfashi na ƙarewa, yana kiran uwa.
Darnella yarinya mai shekara 17,
Ta rako ƙanwa kanti, suna wucewa.
Ba sanda gare ta, ba ƙarfin damtse,
Waya ta ɗaga, ta ƙi kaucewa.
Hukuma ta ce ai ciwo ne ya taso mai,
Hoton waya ya zo yana ƙaryatawa.
Ɗan sandan, Chauvin, ya sha shekara 22 da rabi,
Don ido ɗaya ya ƙi rufewa.

Ɗan Gusau:
Baba, Hajiya, ku yi min afuwa ba raina jinin kowa nake ba, amma in ban faɗa ba zai cinye ni.

Mai ɗaki ya san inda ke masa yoyo,
Namu na zuba, ba mai toshewa.
An kwashe mutanen ƙauyenmu a gona,
Kuɗin fansa muke ta harhaɗawa.
Wa ya yi mana zanga-zanga a Landan?
Wa ya zana mu a bango don tunawa?
Hawayen da ya rage min ɗan kaɗan ne,
Bai kai in aika Amurka rabawa.

Baba Direba, Bronx:
Gaskiyarka ɗana, ba zan musa maka ko kalma ɗaya ba. Amma bari ka ji abin da ya same ni. Wani dare cikin hunturu aka tsayar da ni wai na yi kama da wani da ake nema, aka kifa ni kan bonet sanyin ƙarfen har cikin haƙorina, ina ta salati a zuci. Sai wata tsohuwa baƙar fata da ban taɓa gani ba ta buɗe ƙofa, rigar barci ce a jikinta da silifas, ta tsaya a matakala ta naɗe hannu ta ce musu tana kallo. Iya abin da ta yi kenan fa. Nan take murya ta sauka aka miƙo min takarduna. Tun ranar in na ga an tsayar da wani direba, ɗan Senegal ne ko ɗan Haiti, sai in faka nesa kaɗan in kunna fitilar ciki su san da mutum.

Ba dangin iya, ba dangin baba,
Ta fito sanyi, jiki na karkarwa.
Ba ta san sunana ba har yau ɗin nan,
Ni ko addu'a nake mata ba yankewa.
Zuwa dubiya zumunci ne, mun sani,
Haka tsayuwa kan wanda ake dannewa.

Ɗan Agadas:
Yaya na Gusau, abin nan fa ba sai an haye teku ba, yana nan bayan gidanmu. Motocin da ke tashi daga garinmu zuwa Libiya 'yan uwanmu ne a ciki, kuma kowa ya ga bidiyon CNN na 2017 ana gwanjon baƙaƙen mutane wajen dala 400. A Fabrairun 2023 shugaban Tunisiya Kais Saied ya yi jawabi yana sukar baƙi 'yan kudu da Sahara, a satin ƙanena da ke aikin gini a Sfax mai gida ya watso masa kaya waje, da kuɗin hayarsa biyayye. Maƙwabciyarsu Balarabiya ce ta ɓoye shi a ɗakin ajiya kwana uku tana miƙa masa burodi da shayi.

Salla muke sahu guda da su,
A titi kuma fata ake dubawa.
Huɗubar ban kwana ta riga ta yanke,
Fari bai fi baƙi ba sai da taƙawa.
Wasu an zubar da su kan iyaka,
Cikin rairayi, ƙishi na kashewa.
Ƙanena ya tsira don wata ta kula,
Ta ji kukan dare ta ƙi juyawa.

Ɗan Gusau:
Subhanallah, ban san da wannan ba ƙanina. Yanzu yana ina, ya dawo gida? Ni dai har yanzu ina kan bakana cewa namu ba a jin sa, amma tsohuwar nan mai silifas ta taɓa min zuciya.

Ɗan Agadas:
Ya dawo yaya, yana gyaran babur a kasuwa, sai dai har yau in an buga ƙofa da ƙarfi firgita yake.

'Yar Damagaram:
Allah ya yaye masa. Malam na Gusau, mu ma mun yi laifi, ka faɗi magana mai nauyi muka wuce ba wanda ya tambaye ka. Dan Allah su nawa ne, yaushe aka ɗauke su, akwai yara?

Ɗan Gusau:
Na gode Hajiya, ke ce ta farko da ta tambaya.

Su bakwai ne, biyu mata a cikinsu,
Ɗaya da goyo, ba a kai ga yayewa.
Gero ya nuna a gonar kawuna,
Yana zuba ƙas, ba mai girbewa.
Jiya sun bari mun ji muryarsa a waya,
Maganin hawan jini yake tambayawa.