Idan guguwar rana ta ɗauke wuta, ina makomar tashar nukiliya?

Guguwar rana fashewa ce daga jikin rana da kan iya dagula layukan wutar lantarki a duniya. A wata tattaunawa da aka yi kan wannan tambaya, abin da aka fi nanatawa shi ne sanyaya makamashin tashar. Ko an kashe tashar nukiliya, makamashinta bai daina fitar da zafi ba, dole famfunan ruwa su ci gaba da aiki. Tashar nukiliya ta Fukushima da ke Japan a 2011 ta nuna abin da ke biyo baya in sun tsaya. Masu tattaunawar suka ce dizal na mako guda na janareto bai isa ba, a tanadi ƙarin janareto da famfunan tafi-da-gidanka, kada kuma a manta da tafkunan ruwan da ake sanyaya tsohon makamashi a ciki. Guguwar rana ta Maris 1989 ta bar lardin Kwibek na Kanada cikin duhu awa tara, ta lalata taransfoma a tashar nukiliya ta Salem da ke Amurka. Sabuwar taransfoma kan ɗauki watanni kafin ta iso, gara a ajiye ta ko-ta-kwana.