Ina hidima a ikkilisiya, amma zuciyata ta huce: ƙaunar Allah ce ta ragu?

Mai Neman Haske ya rubuta:

'Yan'uwa cikin Almasihu, ina gaishe ku. Shekara 14 ke nan da aka yi mini baftisma, kuma na daɗe ina koyar da yara a makarantar Lahadi. Ba na fashin sujada, ba na fashin baiko. Sai dai na lura cewa ba na buɗe Littafi Mai Tsarki sai daren Asabar, sa'ad da nake shirya darasi, kuma addu'ata ta zama jerin bukatu da nake karantowa. Makonni biyu da suka wuce muna nazarin Markus 12:30, inda aka umarce mu mu ƙaunaci Ubangiji da dukan zuciya, da rai, da hankali, da ƙarfi, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, kai haka kake ƙaunarsa?" Na ce mata e, amma tun ranar amsar take damuna. Shin ƙaunar ce ta ragu, ko kuwa ɗokin sabon tuba ne ya wuce kamar yadda yake wucewa ga kowa?

Uwar Zumunta ta amsa:

Ɗana, ka koma Wahayin Yahaya 2:1-7 ka karanta a natse. Ikkilisiyar Afisa ba ta ragwaye ba ce. Manzo Bulus ya yi shekara uku a cikinsu, kuma su ne mutanen da suka tara littattafansu na sihiri suka ƙone a gaban jama'a, aka ƙiyasta kuɗinsu ya kai azurfa 50,000, kamar yadda Ayyukan Manzanni 19:19 ya faɗa. Wanda ya yi irin wannan asara da hannunsa, ai ba sai an tambaye shi ko yana ƙauna ba. Bayan shekaru Ubangiji ya yaba musu a kan wahalarsu da jimirinsu da yadda suka gane manzannin ƙarya, duk da haka ya ce yana da magana da su, domin sun bar ƙaunarsu ta farko. Bai ɗauki abin da wasa ba, har ya ce zai kawar da fitilarsu daga wurinta. Maganin da ya bayar shi ne su tuna inda suka faɗo, su tuba, su koma ga ayyukan farko. To, ka tambayi kanka abin da kake yi a shekarar baftismarka wanda ba wanda ya sa ka, ba kuma wanda yake gani. Ni waƙa ce nake rerawa ni kaɗai da asuba, kuma ban san ranar da na daina ba sai da na nemi muryar na rasa.

Bawan Alheri ya amsa:

Da girmamawa ga Mama, ina so in ja hankalin ɗan'uwanmu kada ya mai da motsin zuciya ma'auni. Yesu da kansa ya ɗaura ƙauna a kan kiyaye umarninsa a Yahaya 14:15. Zabura 88 ta ƙare cikin duhu ba tare da ta'aziyya ba, amma addu'a ce, kuma mai yinta bai daina kiran Allah ba. Uwa Teresa ta Kalkata ta rasu a 1997, kuma wasiƙunta da aka buga a 2007 sun nuna cewa ta yi shekaru masu yawa ba ta jin kusancin Allah, alhali tana ci gaba da addu'a da kula da matalauta. Wani lokaci ma gajiya ce kawai. Da Iliya ya karai a jeji, a 1 Sarakuna 19, abinci da barci aka fara ba shi kafin a yi masa magana.

Ɗalibin Kalma ya amsa:

Maganar Bawan Alheri gaskiya ce, amma ina tsoron kada ta zama mafaka, domin akwai bambanci tsakanin mai ƙishi da yake neman ruwa bai samu ba da wanda ya daina jin ƙishin. Babban ɗan nan na misalin ɓataccen ɗa a Luka 15 bai taɓa ƙetare umarnin mahaifinsa ba, amma da ya buɗe baki sai ya kira shekarunsa a gida bauta. Biyayya tana iya tsayawa daram bayan ƙauna ta fice.

Ɗan'uwa, ba za ka iya matso ƙauna daga zuciyarka da ƙarfin hali ba. 1 Yahaya 4:19 ta ce muna ƙauna ne domin shi ya fara ƙaunarmu. A gidan Saminu Bafarisiye Yesu ya ba da misalin mutum biyu, ɗaya ana binsa dinari 500, ɗaya 50, aka yafe musu duka, kuma wanda aka yafe wa mai yawa shi ya fi ƙauna. Mu da muka daɗe a hidima mukan manta girman bashinmu, mu fara ganin kanmu a matsayin ma'aikatan Allah kawai. John Wesley, mai wa'azin Ingila da ya fara ɗariƙar Methodist, ya riga ya zama limamin ikkilisiya, ya kuma je aikin bishara a Jojiya ta Amurka ya dawo, kafin daren 24 ga Mayu 1738 a Landan, inda yana sauraron ana karanta gabatarwar Martin Luther, jagoran gyaran ikkilisiya a Jamus, ga wasiƙar Romawa ya sami tabbacin cewa zunubansa, nasa na kansa, an ɗauke su. Ka lura kuma da tsarin Yahaya 21: sau uku Yesu ya tambayi Bitrus ko yana ƙaunarsa, kuma kowane karo tambayar ce take gaba, umarnin ya yi kiwon tumakinsa, wato masu binsa, yana biye.

Mai Neman Haske ya sake rubutawa:

Na gode muku duka. Mama, na tuna abin: a da nakan rubuta addu'o'in godiya a wani ƙaramin littafi, kuma jiya na nemo shi a ƙasan akwati, rabinsa babu rubutu. Zan roƙi shugabanninmu su ba ni hutun wata guda daga koyarwa. Abin da ban yanke ba tukuna shi ne ko ya kamata in koma wurin yarinyar nan in gyara amsar da na ba ta, da kuma yadda zan faɗa wa 'yar shekara tara irin wannan magana.