Shaguna sai ƙaruwa suke yi a Sakkwato, to ina masu saye?

Mai neman shawara, Runjin Sambo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk inda ka bi, Titin Maiduguri, Gawon Nama, Mabera, sai ka ga an fasa katangar gida an fitar da shaguna. Ina da niyyar kama ɗaya bayan Sallah. Don Allah ku gaya mani gaskiya, ana ciniki?

Mai kayan masarufi, Mabera: Wa alaikumus salam. Sa'ad da na buɗe, ni kaɗai ne a layinmu, yanzu mu bakwai ne, kuma aljihun mutanen unguwa bai ƙaru ba. Cinikinmu albashi yake bi. In an biya ma'aikata, mako guda ana hada-hada, daga nan sai littafin bashi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, mai sayen katan ɗin taliya ya koma sayen ƙwaya biyu, sukari kuwa sai ƙulli.

Mai atamfa, Babbar Kasuwa: Ɗana, mu da gobarar Janairun 2021 ta ci wa kaya, da ƙyar muka miƙe. Amma abin da ya fi karya ni rufe iyaka ne. Manyan masu sayen kayana mutanen Ƙonni ne, ta Illela suke shigowa. Aka rufe a 2019, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023. An buɗe kam, sai dai ƙafar ba ta dawo kamar da ba. 'Yan Isa da Sabon Birni masu zuwa haɗa lefe bayan kaka, su ma rashin tsaro ya hana su noma.

Malami mai ritaya, Arkilla: Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni da kuɗin sallamata na gina shaguna uku, biyu na nan a rufe. Mun gina ne don ba mu ga wani wurin sa kuɗi ba. In ka cire kamfanin siminti na Kalambaina, wace babbar masana'anta ce ke ɗaukar yaranmu? Fatar jan akuyarmu Kano take tafiya a jeme ta, albasar Goronyo a loda ta ɗanya zuwa Kudu. Rahoton hukumar ƙididdiga ta ƙasa na 2022 ma jiharmu ya sa a kan gaba wajen talauci.

Mai POS da cajin waya: Baba, ni dai alhamdu lillahi, kusa da ɗalibai nake. Amma yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wata takwas ina kallon titi.

Mai neman shawara: Na gode ƙwarai. Baba, cikin biyun nan da ke rufe, nawa za ka bar mani ɗaya a shekara?

Malami mai ritaya: Zo ka gani tukuna. Ka zo tsakiyar wata, ba ranar albashi ba.