Waɗanda suka taɓa zuwa Nok, Kagoro da Matsirga, ku ba mu labari

Malamar firamare, Unguwar Sarki:
Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina koyar da yara tarihin Nok, garin da aka tono tsofaffin sassaƙe-sassaƙen yumɓu, amma ko hanyar garin ban sani ba. Kwanan baya wata yarinya 'yar aji biyar ta ce min, "Malama, Nok ɗin a wace ƙasa take?" Da na ce ai a jiharmu ta Kaduna take, cikin ƙaramar hukumar Jaba, sai ajin ya yi tsit. Abin ya tsaya min a rai. Ina so in kai 'ya'yana a hutun Disamba, idan na ga hanya daga baya in shirya wa ɗalibai. Wanda ya taka wajen da ƙafarsa, don Allah ya faɗa mana abin da ya gani.

Ɗan Rigasa:
Wa'alaikumus salam Malama. Ni Kagoro na sani, don a Kafanchan na yi hidimar ƙasa. Garin Kagoro a gindin dutse yake, duk inda ka juya dutsen na bisa kanka. Mun hau da asuba tare da wani matashi ɗan garin da ya yi mana jagora, muka yi kusan awa biyu muna hawa muna hutawa. Abin da ya fi ba ni mamaki, akwai mutane zaune a can sama da gidajensu da gonakinsu. Mun haɗu da wata tsohuwa tana saukowa da kaya a ka, mu kuwa muna haki. Jagoranmu ya ce kakanninsu kan dutsen suka fake a zamanin yaƙe-yaƙe da farautar bayi. Na yi shiru da na ji haka, don na san wannan tarihin ya shafe mu mu ma, kuma ba a cika faɗa mana shi ta bakinsu ba.
Idan za ki iya daidaita tafiyar da 1 ga Janairu, ranar ake bikin Afan, bikin gargajiya na mutanen Kagoro. Maharba da 'yan rawa suna cika fadar sarki. Sai dai masauki yana wuya a lokacin, a nema da wuri. A tafi da rigar sanyi, hunturun can ba irin na Kaduna ba ne.

Maman 'yan biyu, Barnawa:
'Yar uwa, mu Matsirga muka je, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, kusa da Kafanchan ta wajen Madakiya. Mun je a watan Agusta, ruwan na zubowa da ƙarfi, tun daga nesa kike jin rugugi, feshinsa ya jiƙa mana mayafai sharkaf. Duwatsun wajen akwai santsi sosai, hannun yarana bai bar nawa ba har muka dawo mota. A Disamba ruwan zai ragu, amma da yara hakan ya fi kwanciyar hankali. Ki tafi da abincinku da tabarma.

Tsohon ma'aikacin reluwe:
'Yata, Allah ya yi miki albarka da wannan niyya. Na je Nok sau biyu, kuma gara in faɗa miki gaskiya tun yanzu: ƙauye ne, kada ki sa ran ganin katafaren gini. Ana bi ta Kachia zuwa Kwoi, daga nan ba nisa. Akwai ɗan ƙaramin ɗakin ajiye kayan tarihi, akwai duwatsu da koguna a kewaye. Manyan kawunan yumɓun da kike gani a littafi, da yawansu suna Jos da Legas, wasu kuma an yi safararsu ta ɓarauniyar hanya zuwa Turai. Wannan yana ci min rai har gobe.
Duk da haka ki je. A nan ne masu haƙar kuza suka fara tono waɗannan sassaƙe-sassaƙe a 1928. A 1943 kuma aka kai wa Bature Bernard Fagg, masanin kayan tarihi, wani kai da aka samu a yankin Jama'a, wanda wani ya kafa a gonar doya don korar ɓarna, bai san abin da ke hannunsa ya haura shekara 2,000 ba. Ki tsaya da yaran a ƙasar da aka tono su, ki nuna musu yadda aka huda idanun da hancin, ki gaya musu mutanen nan sun iya narka ƙarfe tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ni da na tsaya a wajen sai da tsigar jikina ta tashi. Kuma ku fara gaida mai gari kafin ku shiga yawo, mutanen Ham, wato Jaba, suna girmama baƙon da ya girmama su. A dawowa ki sayi citta a Kwoi ko Kachia.

Bazazzagi:
Baba ya gama magana. Ƙarin da zan yi, Malama, kafin ki yi nisa ki fara kai su gidan tarihi na titin Ali Akilu a nan cikin gari, akwai kayan Nok a ciki. Ni sai da na kai nawa can sannan suka fahimci abin da nake nufi. Wani hutun kuma ki tuna da mu, Dutsen Kufena da Turunku suna nan.

Direban Kafanchan, garejin Television:
Hajiya, kullum ina kan hanyar nan. Ku tashi da sassafe, ku isa kafin azahar, kada magariba ta same ku a hanya, musamman tsakanin Kujama da Kachia. Kwana ɗaya kafin tafiyar ki kira wani da ke can ki ji yadda gari yake. Idan aka ce a dakata, ki dakata. Na sha kai iyalai mu dawo lafiya, amma ban taɓa yarda na yi tafiyar dare da yara ba.

Malamar firamare, Unguwar Sarki:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na rubuta maganar gonar doyar nan, gobe da ita zan buɗe darasi. Asabar mai zuwa za mu fara da titin Ali Akilu in sha Allah. Malam direba, idan muka kwana a Kafanchan, za a iya haɗa Nok da Matsirga a rana ɗaya, ko sai mun ƙara kwana?