Keken kaya mai batir a Sakkwato: mai gudun 45 ko mai 25?

Mai Ƙanƙara, Mabera: Assalamu alaikum jama'a. Tun da anka cire tallafin mai a Mayun 2023 babur ke cinye min rabin riba, shi ya sa nake son komawa keken ɗaukar kaya mai batir kafin bazara ta kama. Dila ya nuna min iri biyu, mai gudun kilomita 25 a awa da mai 45. Ni dai na tsaya a kan cewa mai sana'a a garin nan 45 kaɗai ya dace da shi, mai 25 asarar kuɗi ne. Ƙanƙara ba ta jiran kowa. Bara na sauke buhu a Arkilla, ruwa na tsiyaya ta gindinsa, mai shago ya rage min kuɗi a gaban idona.

Ɗan Kabu-kabu: Wa alaikumus salam. Ina bayanka ɗari bisa ɗari, abokina. Duk wanda ya taɓa hawa titin Maiduguri ya sani, in ba ka tafiya daidai da motoci, keke napep da tifa za su yi ta matse ka har ka sauka kwalta. Wani lokacin jinkirin ne haɗarin.

Kanike, Tsohuwar Kasuwa: Ƙanena, ka ji ni da kyau, don abin ya dame ni. Kwanan baya anka kawo min irin mai gudun nan gareji. Faifan birkin gaba ya yi shuɗi don zafi, ya lanƙwashe, wayoyin ƙafar baya huɗu sun tsinke. Ruwan leda yaron ya ɗauko, akuya ta gitta mashi, ya damƙe birki keken ya ƙi tsayawa. Allah ya tsare, gwiwa kawai ya kuje. Lambar gudun da dila ke faɗa maka, keke ba kaya anka auna ta. Kai kuwa buhunan ƙanƙara za ka labta, ga nauyinka, ga na keken. Tambayarka ta farko ita ce birki: na diski ne mai aiki da mai, ko na waya? In na waya ne, ko kyauta kar ka ɗora mashi lodi. Ta biyu, ƙarfin ja. Injin kamfanin Bosch na kekunan kaya masu batir a Turai ana datse shi a 25, amma an gina shi don ya tashi da lodi daga tsaye ba gardama. Wannan kake buƙata a cunkoson Kasuwar Daji, inda kake tsayawa kana tashi sau ashirin.

Mai Ƙanƙara, Mabera: Yaya, na ji, amma a Amurka ai ana hawan mai 45 kuma ba a hana ba.

Malamin Kimiyya, Runjin Sambo: Haka ne, a can akwai ajin keke mai batir da ke kai mil 28 a awa, kusan kilomita 45 ke nan. A Tarayyar Turai kuwa iyakar keke mai batir ita ce ƙarfin inji wat 250 da gudun kilomita 25. Wanda ya kai 45 sahun ƙaramin babur ake sa shi, a ƙasa kamar Jamus sai da lamba da inshora da hular kwano. Dalili kuwa lissafi ne. Ƙarfin da birki zai kashe yana ninkuwa ne da gudu sau gudu, don haka daga 25 zuwa 45 ya haura ninki uku, ba biyu ba. Iska ma haka take turje maka, batir ya riƙa zuba. Batir mai bolt 48 da amp-awa 20, wutar da ke cikinsa wat-awa 960 ce, ba ƙari, ko ka sha shi a hankali ko ka kwankwaɗe. Sannan ka duba ribar: tafiyar kilomita 5 minti 12 ce a 25, a 45 kuwa minti 7 ba kaɗan. Wato bambancin minti biyar ne, in titi fayau yake tun daga ƙofar gida. Yaushe rabon da ka ga shataletalen Dandima fayau da rana?

Hajiya Mai Waina, Gidan Igwai: Ɗana, ni ban san bolt ba. Abin da na sani, wanga keke ba ya da ƙara. Jikokina a bakin lungu suke wasa, babur ko daga nesa suna jin shi su kauce. Don Allah ka tuna da su.

Ɗan Kabu-kabu: Gaskiya ne Hajiya, amma hannu ke murɗa totur. Mai 45 yana iya tafiya a 20 cikin unguwa, mai 25 kuwa ba shi da abin da zai ƙara in ya hau babban titi. Allah shi gafarta Malam, lissafinka bai taɓa wannan ba.

Malamin Kimiyya, Runjin Sambo: Na yarda da wannan, in har birkin da gangar jikin keken na 45 ne na gaske. Abin da ya fi tsaya min a rai zafi ne. A Afrilu garin nan yana wuce digiri 40, batirin litiyam kuma ba a so a yi mashi caji in zafinsa ya wuce digiri 45. Ka zabga gudu da azahar ka dawo da shi kamar garwashi, wuta ta zo, ka jona nan take don kar ta ɗauke. Haka ake kashe batir, kuma shi ya fi komai tsada a jikin keken. A bar shi ya huce a inuwa tukuna. In akwai mai irin batirin litiyam da ake kira LFP, ya fi jure zafi, sai dai nauyi.

Mai Ƙanƙara, Mabera: Har yanzu zuciyata na ga mai 45, ba zan ɓoye ba. Amma kuɗin da zai rage in na ɗauki ƙaramin zai saya min kula babba mai riƙe sanyi, wannan ban yi tunaninsa ba sai yanzu.

Kanike, Tsohuwar Kasuwa: To kar ka biya ko sisi tukuna. Ka ce wa dilan ya ba mu duka biyun ranar Asabar ƙarfe biyu na rana, mu ɗora ma kowanne buhu huɗu, daga Mabera zuwa Arkilla. Ni zan hau ɗaya, in mun sauka in sa hannu in taɓa batir da faifan birki. Ka kuma tambaye shi ko yana da takalmin birki da caja a shago. In ya ƙi gwajin, ka kira ni mu nemi wani dila.