Peugeot 504 ɗin Baba: tsatsa ta ci jiki, a yanke ko a shafe da fila?

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san aikin jikin mota.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar Peugeot 504 salun, fara, ƙirar 1978. Da ita yake zuwa Tamale da Bawku lokacin yana fataucin goro. Da aka zo rabon gado 'yan'uwa suka ce a miƙa wa masu sayen tsohon ƙarfe, ni kuma na biya kowa rabonsa na riƙe ta. Ta daɗe a tsakar gida ƙarƙashin mangwaro, a lulluɓe da tamfol. Inji dai lafiya lau, fita, wato makaniki, ya sa sabon batir, ya wanke kafireta, ta tashi.

Jikin ne damuwa. Fenti ya kumbura a ƙasan ƙofofi duka huɗu. Fendan gaba na dama ya huje bayan taya. But kuwa in ka ɗaga roba ƙasa kake hangowa. Kafet ɗin wajen direba kullum a jiƙe yake da damina.

Mutum biyu suka duba. Na farko, nan unguwa, ya ce zai goge da samfefa, ya manna faiba (zaren gilashi da gam), ya bi da fila (ƙullin da ake shafawa a cike lotsa kafin fenti), ya fesa fenti, sati ɗaya na ɗauki mota. Na biyu a Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota ta nan Kumasi, ko fentin bai kalla ba, ya tsuguna ya soka sukundireba a dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, ta shige. Ya ce sai an yanke, aikin ya fi wata, kuɗin kuma ya fi na farkon ninki uku. Shin ganin na ƙwallafa rai ne ya sa ya tsuga kuɗi? Ba sayarwa zan yi ba. So nake in riƙa kai Hajiya Idi da biki a cikinta.

Tsohon Masta:

Wa'alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan Alhaji. A Magazine na koyi miƙe jikin mota, a nan kuma na yi har idona ya gaji, kuma 504 ta sha wucewa ta hannuna.

Na biyun ka bi. Wanda ya tsuguna shi ya duba mota.

Kumburin da kake gani a fenti ba daga waje ya fara ba. Ruwa ya kwanta a cikin ƙofa, ya ci ƙarfe daga baya, sai da ya huda sannan ya ɗaga fenti. In kumburin ya kai faɗin kwabo, ramin da ke ciki ya kai tafin hannu. Fila kuwa ruwa yake sha. Ka shafa shi kan rami, damina ta shigo ta baya ta jiƙa shi, kafin hunturu biyu ya tsage ya fito da jar tsatsa, ga kuɗin fenti ya tafi.

Amma ba ƙofofin suka tayar min da hankali ba. 504 salun ba ta da shasi dabam kamar babbar mota, jikin ne gaba ɗaya yake ɗauke da nauyi. Wannan dogon ƙarfen da sukundireba ta shige, shi ne ƙashin bayanta. A nan ake kafa jak, shi ke hana tsakiyar mota lotsawa, shi kuma ke tare mutum in an buge ta daga gefe. Faiba ba ta ɗaukar nauyin komai. Mota ce da ka ce Hajiya za ta shiga. Ka sa ya buɗe bonet ya duba saman shokan gaba, inda suka kama jiki, nan ma tsatsa na son wurin.

Yadda aikin yake in za a yi shi da gaske: a cire kujeru da kafet, a cire batir, a sauke tankin mai a kai shi nesa. Kar wani ya ce maka ai ba mai a ciki, tankin da ba komai sai tururi shi ke fashewa. Kafin a yanke ƙarfen gefe a gicciya ƙarfe a bakin ƙofa a ɗaure, in ba haka ba jiki zai karkace, ƙofa ta daina rufuwa. A yi ta yanka har a iske farin ƙarfe mai kauri. A zana kwali daidai ramin, a yanko sabon faranti da shi. Na fatar jiki wajen milimita 1 ne ko ƙasa kaɗan, na gefen ya fi haka kauri. A haɗa baki da baki, kar a ɗora sabo kan tsoho, don tsakanin biyun nan ruwa zai sake samun wurin kwana. Walda kuma ɗigo-ɗigo, nan ɗaya can ɗaya, ana bari yana hucewa.

Mu da waldar kabaid muka tashi, ba na raina ta. Sai dai zafinta yana bazuwa, faranti ya yi ta murɗewa, shi ya sa za ka ga an cika wuri da fila don a ɓoye. In masta ɗin yana da injin MIG, na waldar lantarki mai waya da gas, ya yi amfani da shi. In ba shi da shi, ka tsaya ka ga yana bin walda da guduma tun tana da zafi.

Kuma kar ka yarda a yanko maka kwanon rufi ko jikin tsohon firij.

Yaron Nima:

Baba Masta ya gama magana. Ku a Kumasi ma da sauƙi, mu nan Accra iskar teku da gishirinta ko ƙofar gareji ba ta bari, je ka James Town ko Chorkor ka ga yadda ƙarfe ke narkewa.

Abin da zan ƙara, Yaya: ba komai ne sai an yi faci ba. Fendan gaba kusoshi ke riƙe da shi, kwance shi za a yi a sa wani. Faransa ta fara 504 a 1968 ta daina a 1983, amma kamfanin PAN, mai haɗa Peugeot a Kaduna, ya ci gaba da haɗa ta har bayan 2000, saboda haka kayan jikinta sun fi yawa a Najeriya. Ka fara zagaya Magazine da Abossey Okai, kasuwar kayan mota ta nan Accra, in ba a dace ba ka yi magana da 'yan'uwa masu zuwa Legas ko Kano. Ka kula dai, ƙofar baya ta doguwar 504 mai ɗaukar iyali ba ta shiga salun, ta fi tsawo. Ka tafi da maganaɗisu ka bi ƙasan ƙofar da za ka saya. Inda ya ƙi kamawa, fila ne a ƙasa.

Sifireya:

Ni fa ina ganin an tsananta. Fenti nake fesawa, kullum da fila nake aiki, ba wanda ya dawo min da mota. Mutum ya ce Idi da biki kawai zai je. A yi masa na sati ɗaya ya huta mana, kuɗi ba a bishiya suke ba.

Tsohon Masta:

Ɗana mai fenti, ban ce fila haramun ne ba. Ni ma ina sawa, bayan walda, shafi siriri da bai wuce milimita 3 ba, kan ƙarfe mai lafiya. Abin da na ƙi shi ne a toshe rami da shi. Kuma motar da ke fita sau biyu a wata ta fi saurin ruɓewa, don ba ta samun iska ta bushe.

In kuɗi ne matsala, a raba aikin. Bana a yi ƙarfen gefe da daɓe da saman shoka, a shafa firaima mai kyau, irin ta efoksi in an samu. Ƙofofi da fenti su jira baɗi. Mota mai dabbare-dabbare ba ta hana zuwa Idi.

Maman Asawase:

Ɗan'uwa, ni ban san walda ba, amma na san biyan ma'aikata, ɗinki nake da yara a ƙarƙashina. Kar ka ba da kuɗi dunƙule. Kashi-kashi, kowane kashi bayan ka gani da idonka. Ka ce ba a shafa komai sai ka zo ka ɗauki hoton waldar tsirara, ciki da waje. Guntayen da aka yanke ma a ajiye maka.

Ɗan Aboabo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba Masta, na bi maganarku, na koma wurin na Magazine, mun shirya a raba aikin biyu. Jiya na sa ƙanena ya riƙa zuba ruwa da buta a gilashin gaba ina kwance a ciki da tocila. Ta kusurwar robar gilashi yake shigowa, robar ta bushe ta tsattsage. Ramin da ke gaban gilashin kuma, inda iska ke shiga, cike yake da ruɓaɓɓen ganyen mangwaro. Ƙofofin ma na ga 'yan hujojin ƙasansu duk laka ta toshe.

Tambaya ɗaya ta rage. Fita ya ce in an gama a ɗura baƙin mai cikin ƙofofi da ƙarfen gefe. Ya kuka gani?

Tsohon Masta:

Madalla, ka samo bakin zaren. A canza robar kafin a sa kafet, kuma in an cire gilashin a duba leɓen ƙarfen da ke ƙarƙashinta, da wuya ka same shi lafiya.

Baƙin mai mun yi shi shekara da shekaru, yana tare tsatsa, amma yana cin roba, yana ɗiga a tsakar gida, ƙura ta manne. In ka samu kakin da ake fesawa cikin ramukan jikin mota a wurin masu sayar da fenti, ya fi. In babu, sabon mai mai kauri da ɗan giris. Ko wanne ne, sai an gama walda da fenti gaba ɗaya, don fenti ba ya kama wurin da mai ya taɓa, wuta kuma tana kama shi. Bayan an zuba ka bi hujojin ƙasan ƙofa da waya ka tabbata a buɗe suke.

Tamfol ɗin nan ka yar da shi, shi ke riƙe raɓa a jikinta. Ka kafa mata rumfar kwano nesa da mangwaron.