Faranti ko sakaina?

Salamu alaikum malamai. Kalma ɗaya ce ta tsaya min a wuya, wato sunan da za mu ba manyan gutsattsarin ɓawon duniya da Hausa, na ce bari in kawo ta nan.

Ina koya wa ɗalibai yadda ake auna motsin ƙasa ta hanyar amfani da taurarin ɗan'adam. Bayanin aikin ba wuya. A kafe na'urar GPS a kan dutse, a dame ta da siminti, ta riƙa karɓar saƙon taurarin da ke shawagi kimanin kilomita 20,200 a sama, kullum tana lissafa inda take. In aka tara lissafin shekaru, sai a ga wurin ya gusa da 'yan santimita duk shekara, alhali ba wanda ya taɓa na'urar. Ƙasar ce ke tafiya da ita.

To me ke tafiyar? Ɓawon duniya a tsattsage yake, gutsure-gutsure manya, kowane da inda ya nufa. Sunan da Turawa suka ba guntu ɗaya, in aka bi shi kai tsaye, faranti ne. Da na faɗa a aji, wani yaro ya ce, "Malam, na tangaran ko na roba?" Aji ya tuntsire.

An ba ni shawarar in ce faifai, amma faifai a zagaye yake tsaf. Wata malama ta ce falalen dutse. Ya kusa, sai dai falale ba ya motsi a tunanin kowa.

Ni na karkata ga sakaina. Ƙwarya ce ta fashe amma ba ta watse ba, kowane guntu na nan a lanƙwashe, bakinsa na gogar na maƙwabcinsa. Wanda ya taɓa ganin aikin gyartai ya san inda ake samun matsala: bakin tsaga.

Na gwada kalmar a aji da girgizar ƙasar da aka yi a Japan ran 11 ga Maris, 2011. Sakainar Pasifik tana kutsawa ƙarƙashin wadda ke ɗauke da arewacin Japan da kimanin santimita 8 a shekara. Bakinsu ya daɗe a cije, ranar nan ya kuɓuce. Japan na da tashoshin irin wannan na'urar GPS sama da 1,000, kuma wadda ke Oshika, a gaɓar arewa maso gabashin ƙasar, ta matsa wajen gabas mita 5.3, ta nutse mita 1.2. Ba wanda ya tambaye ni me nake nufi. Har wata yarinya ta gano da kanta cewa mu a tsakiyar sakainar Afirka muke, nesa da baki.

Aibinta ɗaya na gani. Sakaina a kan ruwa take iyo, yara za su zaci ruwa ne a ƙarƙashinmu. Dutse ne mai zafi, yana malala a hankali kamar kwalta a ranar bazara. Wannan sai an faɗa da baki.

Saura wurin da sakaina ke shigewa ƙarƙashin 'yar'uwarta. Na rubuta "makutsa", amma da fensir. Malaman Damagaram da Sakkwato, ya ta zauna a kunnenku?